Gashin Ciwon Daji: A Faɗa Wa Majiyyaci Gaskiya

Mai ciwon daji daga Argungu ko Birnin Kebbi, idan aka tura shi gashi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, yakan shafe makonni ana yi masa. Tun kafin a fara, likita ya san illar da za ta biyo baya: gashin wuya kan busar da baki, na mara kan kawo gudawa, fata kuma ta saɓule. Wanda ba a gargaɗa ba, da ganin haka sai ya gudu gida, ciwon ya ci ƙarfinsa. Lalle ne a bayyana masa da Hausa, a duba haƙoransa kafin gashin wuya, a hana shi shafe-shafen magani barkatai. Mu da muka yi boko, mu raka danginmu, mu yi musu tambaya.