Dogon Hutu a Gindin Kufena, Littafi na Cikin Jaka

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba makarantun boko a rufe suke. A ƙauyukan da ke gindin Dutsen Kufena, da Wusasa, har cikin ganuwar Zariya, hutun kan faɗo ne a tsakiyar damina. Yaro ɗan ƙaramar sakandare yana gona wajen maimai, ko an kai shi shagon tela ko na mai gyaran babur. Yarinya na ɗauke da farantin dafaffiyar masara ko gyaɗa. Babu laifin neman na kai. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne jakar makarantar da aka rataye a ƙusa ranar da aka ba da hutu, wadda ba za a sauke ba sai daren komawa.

A karɓi littafin rubutun ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare a duba. Rubutu ga shi tsaf, an ja layi da jan biro, kwanan wata na sama. Sai a ce masa ya karanta abin da hannunsa ya rubuta. Zai ɗora yatsa, ya kama harafin farko, ya tsaya, ya ɗago kai yana jiran a faɗa masa. In aka matsa, ya ce, "Malam bai karanta mana nan ba." Kwafa ya iya, kuma da kwafar aka yi ta ciyar da shi gaba tun daga firamare.

Matsalar ba ta Zazzau kaɗai ba ce. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A nan Jihar Kaduna kuwa, ba a manta da 2017 ba, lokacin da malaman firamare fiye da 21,000 suka faɗi jarrabawar da gwamnati ta yi musu. Hatsarin ƙaramar sakandare shi ne a nan ake daina koyar da karatu. Malamin kimiyya da na lissafi sun ɗauka an gama wannan aiki a baya. Yaron da ya shigo da rauni babu mai komawa kansa, ga kunya ta fara kama shi, gara ya yi shiru a bayan aji da 'yan'uwansa su yi masa dariya. In aka ƙara masa mako shida ko bakwai bai haɗa ido da rubutu ba, ɗan abin da ya riƙe ma zubewa yake yi.

Abin ya fi ciwo da yake a Zariya ne. Nan Hukumar Talifi ta zauna, inda Rupert East ya shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Nan Imam ya rubuta Magana Jari Ce domin 'yan makaranta masu irin wannan shekaru. Nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Daga garin nan littafin Hausa ya bazu har Sakkwato da Maraɗi. Yau sai a zaga gida goma a unguwa ba a sami kwafi ɗaya ba, wanda aka samu kuma bangonsa ya fita, gara ta ci gefensa.

Iyaye masu hali sukan biya kuɗin lesin. Na fahimci niyyarsu, amma yawancin lesin ɗin allo ne da alli, a rubuta a kwafa, ciwon da ake son magancewa shi ake ƙarawa. Wayar hannu kuma ta sauya al'amari ta wata fuska: littattafan da 'yan mata suka riƙa karɓa haya a shekarun 1990, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko an yi ƙorafi a kansu, da ido ake karanta su. Yanzu wani ne ke karanta labarin a YouTube, yarinya na saurare tana wanke-wanke.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne a garin nan. Makarantar allo da Islamiyya ba sa rufewa don boko ta rufe, kuma a zaurukan malamai na Unguwar Juma da Kona an daɗe da sanin cewa ɗalibi yakan biya karatu da bakinsa a gaban wanda zai gyara masa. Wannan tsari ya kamata a ɗauko. Bayan la'asar, a zaure ko a inuwar masallaci, yara biyar ko shida da littafi guda, kowa ya karanta shafi a bayyane, yaya ko anti ɗalibar jami'a da ta dawo hutu daga Samaru ko Kongo tana saurare. A fara da Hausa, domin yaron da ya ji daɗin labari a harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin kama Turanci daga baya. In ya gama, a tambaye shi me ya faru da Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja, ya faɗa da kalmominsa.

Saura littattafan. A makarantun gwamnati da yawa akwai su a kabad ko sito, a kulle, shugaban makaranta na tsoron a ce sun ɓace a hannunsa. Wannan tsoro hukumar ilimi ce za ta cire masa, da takarda a rubuce kafin Yuli, cewa kowane ɗalibi ya tafi gida da littafi biyu, a rubuta sunansa, mai unguwa ya shaida. Wasu za su yage, wasu ruwan sama zai jiƙa su, wasu ba za su dawo ba. A sa kuɗin maye gurbinsu cikin kasafin shekara tun yanzu.