Bindigar da Ta Dace da Harbin Ɓauna

Kullum aka ta da zancen farauta a ɗakin kwana sai gardama ta kaure a kan wace bindiga ce ta isa a tari ɓauna da ita. Wani ya ce adaka ta isa, wani ya ce ai babu kamar ta soja. Da ya ke gobe za a rarraba mu garuruwa, mutane kuwa za su riƙa ɗaukar maganar malamin makaranta da nauyi, ya kamata mu san gaskiyar al'amarin. Abin da ni ke gani shi ne, bindigar kirki ita ce wadda za ta kashe dabba nan take ba da azaba ba, wadda kuma doka ta yarda mutum ya riƙe. Wanda bai sami mai haɗa waɗannan biyu ba, sai ya ƙyale ɓauna ta yi kiwonta.

Mu fara da dabbar kanta. Ɓaunar ƙasashenmu na yamma ba ta kai ta kudancin Afirka girma ba, amma babban namiji ya kan yi kilo 500 ko fiye. Fatarta kauri gare ta, haƙarƙarinta masu faɗi ne, gindin ƙahonin namiji kuwa ya rufe goshi kamar garkuwa. Saboda haka maharbin da ya san aikinsa ba ya nufin kai. Kafaɗa ya ke nufi, daga ƙasa kaɗan, inda zuciya da huhu su ke. Kafin harsashi ya kai can sai ya keta fata da tsoka, watakila ya fasa ƙashi. In ya tsaya a hanya, ɓauna ta kan shige duhuwa da rauninta ta laɓe, wanda ya bi sawun jini kuwa shi za ta fara tarewa. In maharbi ya ji tsoro ya koma gida, to, ya bar wa mai itace da makiyayi masifa a daji.

Turawa suna auna bindiga da faɗin ramin bakinta, ko da inci ko da milimita. Iri biyu ne aka daɗe da shaida a kan wannan aiki. Ta farko ita ce 9.3×62, wadda wani maƙerin Balin ta Jamus, Otto Bock, ya fito da ita a 1905, nauyin harsashinta wajen giram 18 da rabi. Ta biyu ita ce .375, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912, harsashinta ya ɗara giram 19, yana kuwa fita da gudun ƙafa 2,500 a daƙiƙa guda. Ƙasashen Afirka da dama da ke ba da izinin harbin ɓauna sun hana a yi da abin da ya gaza ɗayan waɗannan biyu. Akwai waɗanda suka fi su, kamar .416 ta Rigby ta 1911, amma suna naushin kafaɗa ƙwarai. Mutumin da ke runtse ido kafin ya ja kunama ba ya samun inda ya nufa. Don haka a ganina .375 ta fi dacewa da yawancin mutane, gama ƙarfinta ya isa, kafaɗa kuma tana iya ɗaukar naushinta.

Irin harsashin ma abin lura ne. Akwai mai taushin baki, wanda ke buɗewa cikin jiki ya faɗaɗa rauni, akwai kuma sandararre, wanda ba ya lanƙwasa, aikinsa fasa ƙashi. Gwanaye su kan fara da mai taushi mai ƙwari, su bi da sandararre in dabba ta juya ko ta taso. Ba a sakin sandararre cikin garke, don ya kan fita ya sami wata a baya. A kuma matsa kusa, kamar yadi 50 zuwa 80, kada a yi harbin nesa don a nuna gwaninta.

Na san wani zai ce kakanninmu da kibiya da adaka suka yi ta kashe ɓauna. Gaskiya ne, amma dafin kibiya ke yin aikin, ko na sangon da a ke ɗura wa adaka, sa'an nan a yi ta bin dabba har ta faɗi. Adaka kuwa sau ɗaya ta ke tashi, kafin a sake ɗura albarushi mai aukuwa ta auku, ba banza a ke ce mata harbi-ka-ruga ba. Wani kuma zai kawo labarin Baturen nan Bell, wanda ya kashe giwaye wajen 1,000, galibinsu da ƙaramar bindiga mai milimita 7. Shi wannan sai da ya tsattsaga ƙoƙon kan giwa ya san daidai inda ƙwaƙwalwa ta ke. Wanda bai yi wahalar Bell ba kada ya ɗauki bindigar Bell.

Sai batun ta soja. Harsashin AK-47 wajen giram 8 ne, bai kai rabin na .375 ba, don yaƙi kuma aka ƙera shi. A kan yi wa dabba ruwan harsashi da ita, a raunata uku kafin a sami ɗaya. Bayan wannan, Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigogin soja masu bakin 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci, cikin haramtattu. Bindigar farauta mai dogon zango sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka ma sai da izini. Mutanen Farfaru da sauran bakin iyakar Jibiya, inda hanya ke ƙetarawa zuwa Maraɗi, sun fi kowa sanin abin da bindigar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya ke haifarwa. Shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga na dajin Rugu suna hana mutanen Jibiya da Batsari da Safana noma da barci. Duk wanda ya sayi irin wannan makami da sunan farauta ya ƙara wa kasuwarsu ciniki ne.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, ina ma ɓaunar ta ke? Wanda ya tsaya Farfaru yau gonaki zai gani da shanu. In yana son ganin saniyar sake sai ya tafi Yankari ta Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, ko gandun W na Nijar, wanda aka kafa a 1954, duka biyu kuwa an hana harbi cikinsu. Ciwon bushiya ya karkashe ɓauna tare da shanu wajen 1890, ya kuma sake dawowa Nijeriya a 1983. Ragowar da ta tsira ba ta da yawan da za a yi wasa da ita. Amurka ta zama mana ishara. Suna da wata dabba mai kama da ɓauna, mai tozo da gashi, wadda yawanta ya kai miliyan 30 ko fiye. Da masu neman fata suka shiga daji da manyan bindigogi ƙirar Sharps, kafin 1890 wajen dubu guda suka rage. Bindigar ta yi aikinta sarai, masu riƙe da ita ne ba su san ya isa ba.

Addininmu ma bai bar mu haka ba. Malaman Malikiyya na baya sun halatta naman da aka harba da dalma in an ambaci sunan Allah, amma shari'a ta hana azabtar da dabba da kashe ta don wasa. To, wanda Allah ya hore wa zuwa ƙasar da a ke ba da izini, kamar arewacin Kamaru ko Tanzaniya, ya nemi takarda, ya ɗauki .375, ya koyi harbi da ita tun a gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Sauranmu kuwa, in an tura mu ƙauye wani ya zo neman shawara, mu gaya masa adakarsa ta zomo ce da gada, kada ya tari ɓauna da ita. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.