Kada Mu Raina Sassaƙe, Amma Mu Auna Shi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu idan mun ga kaka tana jiƙa ganyen sabara ko sassaƙen marke, sai mu yatsine fuska, wai mu 'yan boko ne. A ganina wannan kuskure ne babba.

Malaman kimiyya sun gano cewa itatuwa da dama suna ɗauke da wasu sinadarai da ake kira alkaloyid, galibinsu masu ɗaci. Kwinin da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro ɗaya ne daga cikinsu. A Faransa aka fara tace shi daga ɓawon itace a 1820. Sabarar da ta cika saurukan Dutsin-Ma da Kurfi ita ma tana da nata.

Mu dubi ƙasar Sin. Tun zamanin dā masu maganinsu suna ba mai ciwon gaɓoɓi wata tsiro mai yaɗo. Jikokinsu ba su yi watsi da ita ba. An tace sinadarin da ke cikinta, mai suna sinomenin, aka gwada yadda yake kwantar da kumburi da raɗaɗi, yau ga shi ya zama ƙwaya da likitocinsu ke rubutawa da ƙa'ida.

To, a nan ne muka bambanta. Mai tallar magani a kasuwa zai ce ka sha kofi ɗaya, alhali kofin wani ya ninka na wani. Kada mu manta zaƙami ma alkaloyid ne a cikinsa, kuma kowa ya ga yadda yake gusar da hankalin samari. Tsakanin magani da guba, awo ne kawai.

Saboda haka ina kira gare mu, mu dage da darasin kimiyya. Tun 2011 muna da Jami'ar Tarayya a nan Dutsin-Ma, ba sai mun je nesa ba. A lokacin hutu kuma mu zauna da tsofaffinmu, mu rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu, domin tsofaffin suna tafiya, gatari kuma yana cin dajin. Wanda gwiwarsa ta kumbura kuwa, ya fara zuwa asibiti, ya faɗa wa likita duk jiƙon da ya sha.

Kakanni sun bar mana sani, saura mu kawo ma'auni. Allah ya sa mu dace.