Awon Ido: A San Mai Awo, A San Mai Biya

Zancenmu na yau a kan ido ne, da wanda za a miƙa wa shi ya duba, da wanda zai biya kuɗin dubawar.

A cikin watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon shirin inshorar lafiya da aka soma aiki da shi a 2005. Dokar ta ce shiga inshorar lafiya tilas ne a kan kowane mazaunin Nijeriya. To, ma'aikaci ba shi da wahala, ofishinsa ke shigar da shi. Amma malamin zaure da ɗan kasuwa ba su da ofis, in ba su kai kansu ba, ba mai kai su. Alhali kuwa su ne masu ci da ido: wannan da wasali da ɗigo, wancan da littafin bashi da launin atamfa.

Kadan mutum ya haura shekara 40, sai ya ga rubutu ya fara dushewa, yana nisanta littafi daga fuskarsa kafin ya karanta. Wannan ba cuta ba ce, girma ne. Abin da akasarinmu ke yi shi ne mu tsaya wurin mai tabarau a kasuwa, mu gwada wannan mu gwada wancan, har mu sami wanda baƙaƙe suka fito da shi. Tabarau ɗin kansa ba ya ɓata ido, ko da yake gilasansa biyu ƙarfinsu ɗaya, idanun mutum kuwa sau da yawa sukan bambanta. Illarsa ita ce yakan sa mutum ya zaci ya gama da zancen ido, alhali ba wanda ya leƙa cikin idon nan.

Akwai cutar da ake kira hawan jinin ido. Ba ta zuwa da zafi galibi, daga gefe take fara cin gani, tana matsowa tsakiya a hankali shekara da shekaru. Mai ita yana iya karanta ƙaramin rubutu sarai da tabarau na kasuwa, ga jijiyar gani tana mutuwa. Abin da ta ci kuwa ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka tsakanin 2005 da 2007 ya sami kimanin mutum 4 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, Arewa maso gabas ta fi kowane sashe. Yanar ido ce ta farko da kashi 43 cikin 100, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Binciken nan kuma ya tarar fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana, ba a asibiti aka taɓa su ba, masu yawo gari-gari ne suka soka tsinke suka tura yanar ciki, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba su gani.

Saboda haka ya kamata a san wane ne wane, domin duk wanda ya sa farar riga a wurinmu likita ne. Akwai likitan ido mai fiɗa, wanda ya gama karatun likita sa'an nan ya ƙware a kan ido. Shi ke cire yana, sunansa kuwa yana cikin rajistar hukumar likitoci, MDCN. Akwai mai awon ido, wanda ya yi shekara 6 a jami'a. Shi ke auna gani, ya rubuta lambar tabarau, ya gano cuta, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. Shi ma dokta ake ce masa, ba kuwa ƙarya ya yi ba, sai dai fiɗar yana ba aikinsa ba ce. Akwai kuma mai yanka gilashi ya ɗaura a firam bisa lambar da aka rubuta. Waɗannan biyu na ƙarshe hukumar ODORBN ke musu rajista, an kuwa kafa ta da doka mai lamba 34 ta 1989. Lasisin aiki shekara-shekara ake sabunta shi.

Tambayar takarda ba cin fuska ba ne. Malamai sun san ijaza, ba su karɓar karatu sai sun san daga wa aka karɓo shi. Ɗan kasuwa kuma ba ya ba baƙo kaya bashi sai da wanda ya tsaya masa. To, a dubi bango, a ga takardar rajista da lasisin bana, a ga sunan da ke jiki shi ne na mutumin da ke awon, domin akan sami shago mai takardar wani, maigidan ba ya nan, yaro ke aiki. Wanda ba ya karanta boko ya tafi da ɗansa mai karantawa. Sa'an nan a lura da aikin kansa. Awo na gaskiya ba ya ƙarewa a karanta allon bango. Sai an auna matsin ido, an haska fitila an leƙa cikinsa, an tambayi mutum ko yana da ciwon sukari, ko akwai wanda ya makance a danginsa. Rashin boko ba ya hana awo, akwai allo mai alama mai ƙafa uku, hannu kaɗai za ka nuna inda ta fuskanta. Malam ya riƙa littafin da ya saba karantawa, ya nuna nisan da yake riƙe shi, don a yanka gilashin daidai da zamansa. Maganin ɗigawa kuwa kada a saya a kemis bisa shawarar maƙwabci, domin waɗansu suna da sinadarin da ke ta da matsin ido in an daɗe ana ɗigawa.

Wuraren zuwa ba su ɓuya ba. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943, ga asibitin ido na Makka a Kano, ga sassan ido na asibitocin koyarwa a Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Saura zancen biya, nan kuwa mutane suka fi yin tuntuɓe. Jihar Kano ta kafa hukumarta, KSCHMA, da dokar 2016, aka kira shirin taimakekeniya, watau kowa ya zuba, wanda ciwo ya sama a yi masa magani daga asusun. Kaduna da waɗansu jihohi suna da irinta, NHIA kuma tana da shirin da mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su shiga. Hukuncinsa a shari'a malamai sun fi mu sani, mu yadda yake aiki za mu faɗa. Katin nan ba ya buɗe kowace ƙofa. Mai kati yana da asibitinsa na farko inda aka rubuta shi, can zai fara, su ba shi takardar turawa, a samo lambar izini, kana ya tafi wurin ido. Wanda ya tsallake wannan ya wuce kai tsaye, daga aljihunsa zai biya. Kuma ba kowane mai awo ne hukumar ta amince da shi ba, ko da takardunsa sun cika. Tabarau ma mai sauƙin kuɗi shirin tarayya ke ɗauka, mai son firam na ƙawa shi zai cika.

A ganinmu laifin ba na jama'a kaɗai ba ne. An yi doka, ba a bi ta da bayani cikin Hausa da ajami ba, har mutum ya gwammace ya biya kuɗi hannu da ya yi ta zarya da takarda. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kantin Kwari da Kurmi, da na alarammomi, suna da yawan da za su shiga a dunƙule, su nemi hukuma ta ba su jerin wuraren awon ido da ta amince da su a rubuce, a manna a ofishin kasuwa da ƙofar makaranta. Kafin a kai can, wanda zai je awo ya tambaya tun a bakin ƙofa, kafin a ɗiga masa magani: kuna karɓar katin hukuma kaza, kuma mene ne ba ya ciki?