Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malam Shehu Dikko: Idan Gem Wasa Ne, Ta Wace Ƙofa Yaron Tozai Zai Shiga?

Zuwa ga Shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa, Abuja.



Wannan takarda daga Tozai ta fito, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Isa a gabashin jihar Sakkwato, maƙwabtan Sabon Birnin Gobir, dab da iyakar Nijar. Mutanen Abuja sun fi jin sunayen garuruwan nan a labaran 'yan bindiga. Yau kuwa maganar wasa ce ta kawo su gabanku, wasan da dattawa ke kira shiririta, samari kuma ke kira gem.

Tun da Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni a watan Oktoban 2024 ya danƙa muku ragamar wannan hukuma, ku ne masu cewa wannan wasa ne, wancan ba wasa ba ne. Roƙon mai wannan wasiƙa shi ne a ba gasar wasannin bidiyo cikakken matsayi kamar sauran wasanni. Amma roƙon yana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi roƙon nauyi.

A fara da hujjar masu ƙi, domin ba mahaukata ba ne. Suna cewa wasa sai da gumi. Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin dambe bayan kaka, kalangu na tashi, ɗan Kudu da ɗan Guramada sun naɗe hannu suna zagaya juna, ba zai ji daɗi a ce yaron da ke zaune kan benci yana latsa madannai tsaransu ne ba. A ƙetaren iyaka, kokawa ce sarauniyar wasanni. Tun 1975 Nijar ke gasar kokawa ta cin takobi, kuma ranar karon ƙarshe garuruwa kan yi tsit, kowa ya kasa kunne. Issaka Issaka na Dosso ya ɗaga takobin nan har sau shida. Mawaƙi Ɗan Anace bai ɓata muryarsa a kan ɗan dambe Shago don ya iya zama ba.

Sai dai Najeriya ta daɗe da warware wannan gardama da hannunta, ko da ba ta lura ba. Bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, yana raba lambobin yabo a wasan ayo na Yarabawa, wanda a zaune ake yin sa, ana zuba 'ya'ya a gurbi. Yana rabawa a darar Turawa. Yana rabawa a Scrabble, wasan haɗa kalmomi, inda Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, kuma ƙasa ta yi alfahari da shi. Babu wanda ya tambayi Jighere yawan gumin da ya zubar. Abin da ya haɗa ayo da dambe ƙarƙashin inuwa ɗaya shi ne doka sananniya, da alƙali, da horo, da abokin karawa, da kuma cewa gwani ne ke ci ba mai sa'a ba. Gasar gem tana da duk waɗannan. Bagobiri ma ba baƙon wannan ba ne: tsofaffin da ke haƙa gurabun dara a ƙasa bayan la'asar sun san wanda ya fi kowa a unguwa, kuma ba a gardama da su.

Duniya kuwa ta yi gaba. A gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023, lambar zinaren gem ta shiga lissafi daidai da ta gudu da ninƙaya. Saudiyya ta shirya gasar cin kofin duniya ta wasannin bidiyo a Riyadh a 2024, da kyautar da ta haura dala miliyan 60. Kwamitin Olamfik ya amince a watan Yulin 2024 da kafa gasarsa ta gem tare da Saudiyya, ko da yake a watan Oktoban 2025 ɓangarorin biyu sun raba gari, abin da ke nuna cewa har manyan ba su gama daidaita kan yadda za a riƙe abin ba.

Labarin da ya fi dacewa da yaran Gobir shi ne na Arslan Ash. Matashi ne daga Lahore ta Pakistan, ƙasar da babu wanda ke lissafa ta a wannan fage. A shagunan gem na unguwa ya koyi wasan faɗa na Tekken. A 2019, bayan wahalar biza da doguwar hanya, ya isa Japan ya cinye gasar EVO, ya ƙetara Las Vegas ta Amurka a shekarar ya sake cinyewa, ya kayar da gwanayen Koriya da aka ɗauka ba su kayuwa. Da aka bi sawunsa gida, sai aka tarar akwai tarin samari a shagunan Pakistan da ke ba shi kashi shi kansa. Suna nan tuntuni. Hanyar fita ce ba su da ita.

Ga sharaɗin, ranka ya daɗe. Hatsarin da ke cikin amincewa da gem shi ne a yi ta a takarda: a naɗa shugabannin ƙungiya a Abuja, a yi biki a babban ɗaki a Legas, a tara 'yan wasa daga gidajen da ke da wuta da intanet mai ƙarfi, a kira su tawagar Najeriya. Yawancin wasannin da ke tashe a waya, irin su PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile, ba sa yiwuwa sai da sabis mai kyau, kuma jinkirin ƙiftawar ido ya isa a kashe ɗan wasa kafin ya ga wanda ya harbe shi. A wannan yanki sabis ba abin dogaro ba ne. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Wuta kuwa ta janareta ce da sola, shi ya sa mai shagon caji ya zama babban mutum a kowane ƙauye.

Kada kuma a ce a zo Sakkwato a yi gasar share fage a filin wasa na Giginya shi ke nan. A kan hanyar dawowa daga Sakkwato aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a watan Agustan 2024, Allah ya jiƙansa. Uban da ya san wannan ba zai saka ɗansa a mota don buga gem ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Mafita tana cikin wasan da yaran suka riga suka iya. Ƙwallon ƙafa na PlayStation, wanda har yanzu ake kira FIFA ko PES duk da kamfanonin sun sauya musu suna, ba ya buƙatar intanet idan mutum biyu na zaune gaban talabijin ɗaya. Faifan sola, batir, talabijin, na'ura ɗaya da alƙali: an gama. Da irin wannan wasa Mosaad Aldossary na Saudiyya ya ci kofin duniya na FIFA a Landan a 2018. Hukumarku za ta iya shar'anta wa duk ƙungiyar da ke neman tambarinta da kuɗinta cewa gasar ƙasa ta fara daga hedikwatar ƙaramar hukuma, da rana, a makaranta ko sakatariya, kuma zakaran Isa da na Sabon Birni a ɗauki nauyin tafiyarsu da tsaronsu. Kun yi shekaru kuna jagorantar kamfanin LMC da ke gudanar da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a wancan lokacin, kun san yadda ake ɗaure ƙungiya da sharaɗin lasisi.

Akwai abin da iyaye da malaman wannan yanki za su fara tambaya, kuma gara a amsa musu tun kafin su tambaya: ina bambancinsa da caca? A idon mai wucewa, shagon gem da shagon caca duk ɗaya ne, samari ne sun zuba wa allo ido, kuɗi na fita daga aljihu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamban 2024 cewa sha'anin caca na jihohi ne ba na tarayya ba, jihohin da ke bin shari'a sun ƙara samun ƙarfin rufe shagunanta. Gasar da ta zo Sakkwato da tambarin kamfanin caca a ƙirjin rigar yara ta mutu tun ba a fara ba, kuma ta cancanci mutuwar. Haka batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019. Wasan da ke ƙarƙashin hukuma ana iya yi masa ƙa'idar shekaru da lokaci, a hana yaro shiga sai da shaidar yana zuwa makaranta, a tashi idan an kira salla. Wanda aka bari a lungu babu mai yi masa ko ɗaya.

Abu na ƙarshe: kuɗin gem kada ya fito daga kason dambe da kokawa da langa, wanda dama bai taka kara ya karya ba. A ƙauyukan Isa da Sabon Birni da dama, rashin tsaro ya kashe dandalin dare, an daina gayyatar 'yan dambe daga nesa bayan girbi, dubban mutane ma sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Idan hukumarku za ta turo sola da talabijin zuwa sakatariyar Isa, ta haɗo da kuɗin yashi da makaɗa da ladan 'yan kokawa, a yi duka biyun rana ɗaya a fili ɗaya, a tashi kafin magariba.