Ra'ayinmu: Hoton Dutsen Sama da Aikin Malami

A duk lokacin da hukumomin binciken sararin samaniya suka sanar cewa wani dutse zai gifta kusa da duniya, sai wayoyinmu su cika da hotunan wani ƙaton garwashi yana tunkarar ƙasa, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa ƙarshe ya zo. Washegari yaro zai kawo tambayar cikin aji. A Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka riga suka hana iyalai da yawa barci, ba ma buƙatar ƙarin tsoro marar tushe. Don haka muke ganin wajibi ne malami ya iya tantance hoton da ke koyarwa da wanda aka zana don a firgita mutane.

Hotunan gaskiya na waɗannan duwatsu ba su da ado. Tun daga shekarar 1991, da kumbon Galileo ya ɗauki dutsen Gaspra daga kusa, abin da ake gani shi ne dutse mai launin toka, mai ramuka, cikin duhu. Babu wuta a jikinsa, domin dutse ba ya haskawa da zafi sai ya kutso cikin iskar da ke lulluɓe da duniya. Duk hoton da ya nuna dutse yana ci da wuta a can nesa, zane ne.

Misalin da ya fi burge mu shi ne na kumbon Lucy na hukumar NASA ta Amurka. A ranar 1 ga Nuwamba, 2023, ya wuce wani dutse mai suna Dinkinesh, wanda faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba. Sunan na harshen Amharik ne na ƙasar Habasha. Hoton farko ya nuna cewa dutsen yana da wani ƙaramin ɗan rakiya da ke zagaya shi. Da aka samu hoto na gaba, wanda aka ɗauka daga wata kusurwa, sai ga shi ɗan rakiyar duwatsu biyu ne manne da juna, ɗaya ya ɓoye ɗaya a hoton farko. Aka sa masa suna Selam. Ga mai neman ƙyalƙyali, hotunan nan ba komai ba ne. Ga malami kuwa, darasi ne cikakke: masana da kansu sai da suka sake duba kafin su gane abin da ke gabansu.

Wannan darasi ba ya buƙatar lantarki. Duwatsu biyu da tocila sun isa a nuna wa yara yadda abu ke ɓuya a bayan wani, da yadda inuwa ke bayyana siffa. Kwanon toka da tsakuwa sun isa a nuna yadda ramukan suka samu. Hoton ma a baƙi da fari yake, kwafinsa a takarda ba ya rage masa komai.

Kafin mu shigar da kowane hoto aji, mu yi masa tambayoyi huɗu. Wa ya ɗauka, kuma yaushe? Na'ura ce ta ɗauka ko mutum ne ya zana? Shin an faɗi girman abin da nisansa? Wace tambaya zai haifar a zuciyar ɗalibi? Hoton da ya kasa amsa ukun farko, ya tsaya a bakin ƙofa.

Kada wani ya ce lamarin na Turawa ne. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Haka kuma a ranar Juma'a, 13 ga Afrilu, 2029, dutsen Apophis, mai faɗin kusan mita 340, zai wuce a tazarar kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa, kuma za a iya ganinsa da ido daga Afirka. Masana sun tabbatar tun 2021 cewa ba zai bugi duniya ba. Ɗalibanmu za su tarbi wannan dare ko dai da ilimi ko da jita-jita, kuma abin da muka koya musu kafin lokacin ne zai yanke.

Muna kira ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jihar Sakkwato da hukumomin ilimi na ƙananan hukumominmu biyu da su buga irin waɗannan hotuna, tare da bayani cikin Hausa, su raba wa makarantu. Muna roƙon masana kimiyya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su taimaka da bita ga malamai. Iyaye kuma, idan hoto mai ban tsoro ya shigo waya, a dakata da tura shi, a tambayi malamin yaro tukuna.

Mun san abin da ya fi damunmu shi ne tsaro da buɗe makarantun da aka rufe, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma yaron da ya samu ya iso aji ya cancanci a koya masa duba abu da kyau kafin ya gaskata. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.