Taurarin da ke maƙalewa a takardun ofis

A 'yan watannin nan, da wuya in wuni a kan teburin gyaran labarai ban ci karo da sanarwar manema labarai mai ɗauke da taurari ba. Alamar nan ta * nake nufi: biyu a gaban sunan mai girma, biyu a bayansa, wani lokaci har da # a farkon kan magana. Akwai wata sanarwar ta'aziyya da ta iso mana daga wani ofishi, sunan mamacin kansa a tsakiyar taurari huɗu yake. Hadimin da ya aiko ta bai san aikinsu ba. Ya kwafo rubutun ne daga manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya liƙa, ya tura.

Waɗannan alamomi suna da suna, Markdown. Wani Ba'amurke mai suna John Gruber ne ya fito da tsarin a 2004, da taimakon marigayi Aaron Swartz. Manufarsa ita ce mutum ya yi rubutu zalla, ya nuna tsarinsa da alamomin da ke kan kowane allon bugu. Tauraro biyu a kowane gefe na kaurara kalma, guda ɗaya na karkatar da ita, # na mayar da layi kan magana, gajeren layi a farkon sahu kuma na fara jeri. Fayil ɗin ba shi da nauyi, kowace waya na buɗe shi, ba ya jiran lasisin wani kamfani, kuma manhaja irin Pandoc na juya shi zuwa Word cikin ƙiftawar ido. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar takardar Hausa ya tarar ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe domin babu samfurin haruffan da aka buga ta da shi, ya san darajar rubutun da bai dogara da kayan ado ba.

To amma tsarin da aka ce mai sauƙi ne yana da tarkuna, kuma sabon shiga ne ke faɗawa. Ma'aikacin da ya saba da WhatsApp ya san tauraro ɗaya ne ke kaurara kalma. A Markdown, tauraro ɗayan nan karkatar da ita zai yi. Wanda ya fi ciwo shi ne batun sahu. Ka jera adireshi yadda aka koya maka tun ranar da ka kama aiki, Babban Sakatare a sama, ma'aikata a ƙasa, Abuja a ƙarshe, sai tsarin ya haɗe su duka a layi guda, domin a ƙa'idarsa ta asali sauka sahu ɗaya ba ya raba sakin layi, sai an bar sahu fanko a tsakani. Babu abin da ke gargaɗinka. Sai takarda ta kai gaban oga ka gani.

Masu ƙera manhajoji sun rabu kan maganin. Wasu na ganin a ɓoye alamomin ɗungurungum, mutum ya danna maɓalli kawai kamar a Word. Irin wannan tunani ne ya sa Wikipedia ta fito da VisualEditor a 2013, don sababbin marubuta su huta da alamominta masu rikitarwa. Wasu kuma, galibi tsofaffin hannu, cewa suke yi wanda ke so ya koya, ai alamomin ba su taka kara sun karya ba. Ban gamsu da ko ɗaya ba. Na biyun girman kai ne na wanda ya manta ranarsa ta farko. Na farkon kuwa shi ke haifar da hadimin da na ambata, wanda bai taɓa ganin alamar tana aiki ba, don haka bai gane ta ba ranar da ta fito fili.

Abin da nake goyon baya shi ne manhajar da ke koyarwa yayin da ake aiki. Idan ka danna maɓallin kauri, ta sa taurarin a gaban idonka, ta kaurara kalmar nan take, sa'annan ta ɓoye su idan ka matsa gaba, ta sake nuna su idan ka dawo kan kalmar. Obsidian na yin haka. Bayan mako guda, hannu ya haddace ba tare da an zauna darasi ba. Notepad na Windows 11, wanda ya sami wannan tsari a 2025, yana barin mutum ya sauya tsakanin ganin alamomi da ganin sakamako, wanda ya fi babu, ko da yake sai wanda ya san da zaɓin ne zai neme shi. Google Docs ma na gane alamomin tun 2022, amma sai ka shiga saiti ka kunna.

Saura abubuwa biyu da nake ganin sun fi kowane ado muhimmanci. Manhaja ta ja layi a ƙarƙashin tauraron da aka buɗe ba a rufe ba, kamar yadda take yi wa kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Kuma idan aka zo kwafa, ta tambaya ina za a kai rubutun, Word ko WhatsApp ko imel, ta fitar da shi da siffar da ta dace da can.

Na san za a ce ma'aikacin gwamnati na da Word, me ya kai shi wannan? Gaskiya ne takarda mai tambari da jadawalin kasafi a can za su ƙare. Sai dai daftarin jawabi da bayanan taro sun daɗe da komawa waya, ana rubuta su a mota tsakanin Sakatariya da filin jirgi, su bi ta hannu uku ko huɗu kafin su isa kwamfuta. A wannan hanya ce taurarin ke maƙalewa, kuma a makon jiya kaɗai na cire su daga sanarwa biyar.